Darasi Na Bakwai: Sanannun Aibobi A Babbar Manhajar Rauta Da Dabarun Kauce Musu

1.0 Gabatarwa

Ɗaya daga cikin nauye-nauyen da ke kan malamin Hausa a yau shi ne ya iya bayyana al'amuran kimiyya da fasaha cikin Hausa mai gamsarwa, ba tare da ya jingina da wani harshe ba. Saboda haka wannan darasi ya ɗauki wani fanni na fasahar sadarwa domin ya zama abin nazari. Fannin kuwa shi ne na aibobin da ake samu a cikin manhajar na'urorin da ke ɗauke da intanet, da kuma dabarun da injiniyoyi ke bi su kauce musu kafin a sami gyara. Al'amarin ya shafi kowa, domin tura kuɗi ta waya da rajistar jarrabawa da aika saƙo duk ta cikin waɗannan na'urori suke bi. Abin da darasin zai tabbatar shi ne, sau da yawa ɓarna ba ta zuwa daga aibin da ba a sani ba. Takan zo ne daga wanda aka sani, aka sanar, amma aka yi jinkirin gyara shi.

2.0 Manufofin Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:
i. bayyana aikin rauta da na babbar manhajarta;
ii. bambance aibin manhaja da kuskuren saiti;
iii. kawo misalan sanannun aibobi tare da dabarun da aka bi aka kauce musu;
iv. bambance dabarar kaucewa da faci;
v. tantance hanyoyin da aka bi aka samar da keɓaɓɓun kalmomin darasin.

3.0 Ƙunshiyar Darasi

3.1 Rauta Da Babbar Manhajarta

Intanet ba hanya guda ba ce miƙaƙƙiya. Haɗaka ce ta dubban hanyoyin sadarwa mallakar kamfanoni da jami'o'i da gwamnatoci. Duk saƙon da aka aika sai an daddatsa shi zuwa ƙananan ƙunsa, kowane ƙunshi da adireshin inda ya nufa. Na'urar da ke tsaye a mararraba tana duba adireshin kowane ƙunshi, tana miƙa shi ga hanyar da ta dace, ita masu sana'ar ke kira rauta. Aikinta ya yi kama da na ɗan kamasho a tasha, wanda ke jin inda fasinja ya nufa ya nuna masa motar da zai shiga. Domin ta yi wannan aiki, rauta tana riƙe da jadawalin hanyoyi, wanda take ginawa daga bayanan da maƙwabtanta ke aiko mata. Ƙa'idar da manyan rautoci ke bi wajen wannan musayar bayani ita ake kira BGP, wadda aka fara tsarawa a shekarar 1989.

Rauta ita ma kwamfuta ce, saboda haka tana da babbar manhaja, wato manhajar da ke tafiyar da dukkan sassan na'urar. Kamfanin Cisco na Amurka yana da IOS da IOS XE da IOS XR. Kamfanin Juniper, shi ma na Amurka, yana da Junos. Huawei na ƙasar Sin yana da VRP, shi kuwa MikroTik na ƙasar Latbiya yana da RouterOS. Kowace daga cikinsu tarin umarni ne mai ɗimbin yawa da mutane suka rubuta, kuma duk abin da hannun ɗan'adam ya rubuta ba ya rasa tuntuɓe.

3.2 Ma'anar Aibi Da Sanannen Aibi

Aibin manhaja shi ne kuskuren da ke cikin rubutun manhajar kanta, wanda ke sa na'ura ta aikata abin da ba shi aka nufa ba, ko da mai sarrafa ta ya yi komai daidai. Wajibi ne a bambance shi da kuskuren saiti, wanda laifin mai sarrafawa ne. Misali, a ranar 12 ga Nuwamba, 2018, kamfanin MainOne da ke Legas ya sanar da wasu hanyoyin Google ga maƙwabtan da bai kamata ba, sai saƙonnin da suka nufi Google suka riƙa zagayawa ta Rasha da Sin har na tsawon minti 74. Kamfanin ya bayyana cewa kuskuren saiti ne aka yi yayin aikin haɓaka na'urori. A nan manhaja ta bi umarnin da aka ba ta ne, don haka ba za a kira wannan aibi ba.

Aibi yana zama sananne ne idan kamfanin da ya ƙera na'urar ya tabbatar da shi, ya ba shi lamba, ya kuma fitar da sanarwa a kansa. Irin wannan sanarwa takan ƙunshi alamomin matsalar, da yanayin da ke tayar da ita, da sigogin manhajar da abin ya shafa, da dabarar kaucewa in akwai, sannan da sigar da aka gyara. Idan aibin ya shafi tsaro, akan sa shi cikin rajistar duniya da ake kira CVE, wadda cibiyar MITRE ta Amurka ta fara a shekarar 1999. Akan kuma auna haɗarinsa da ma'aunin da ya tashi daga 0 zuwa 10.

Sanarwa tana da fuska biyu. Tana faɗakar da mai na'ura, tana kuma nuna wa mai kutse inda ƙofa take. Daga ranar da ta fita, tsere ya fara ke nan tsakanin mai gyara da mai ɓarna.

3.3 Misalan Sanannun Aibobi

3.3.1 Toshewar Ƙofa (2003)

Kowace ƙofar rauta tana da layin jira inda ƙunsan da suka nufi na'urar kanta ke tsayawa kafin a duba su. A manhajar IOS, bisa saitin asali, layin yana ɗaukar ƙunshi 75. A watan Yulin 2003 kamfanin Cisco ya sanar cewa wasu ƙunsa masu ɗauke da lambar ƙa'ida 53 ko 55 ko 77 ko 103 suna iya maƙalewa a wannan layi, su ƙi fita. Da zarar layin ya cika, ƙofar ta daina karɓar saƙo. Abin da ya ƙara wa aibin muni shi ne na'urar ba ta mutuwa, ba ta kuma ba da wata alamar gargaɗi. Ba a iya buɗe ƙofar sai an kashe na'urar an sake kunna ta.

Dabarar kaucewa ita ce a kafa matata a bakin ƙofa, wadda za ta hana ƙunsan da ke ɗauke da waɗannan lambobi huɗu shiga. Sai dai lamba 103 ta wata ƙa'ida ce da ake amfani da ita wajen watsa saƙo guda ga masu karɓa da yawa. Duk wanda ke wannan aiki, in ya toshe ta ya toshe wa kansa hanya. Cikin 'yan kwanaki da fitar sanarwar aka wallafa yadda za a yi amfani da aibin wajen kai hari.

3.3.2 Doguwar Hanya (2009)

Kowace babbar hanyar sadarwa tana da lambar shaida. Idan sanarwar hanya tana yawo daga rauta zuwa rauta, kowane kamfani da ta ratsa yana ƙara lambarsa a jiki, kuma rautoci sun fi son hanyar da jerin lambobinta ya fi gajarta. Saboda haka idan kamfani yana da hanyar ko-ta-kwana da ba ya so a bi sai da larura, yakan maimaita lambarsa sau biyu ko uku domin hanyar ta yi kama da mai nisa.

A ranar 16 ga Fabrairu, 2009, wani ƙaramin kamfani a Jamhuriyar Cek mai suna SuproNet ya so yin haka a kan rautar MikroTik. A wurin da ake rubuta adadin maimaitawa, sai aka rubuta lambar kamfanin, wato 47868. Gurbin ba ya ɗaukar adadin da ya wuce 255. Maimakon manhajar ta ƙi karɓa, sai ta ɗauki ragowar da ke saura in an raba lambar da 256, wato 252, ta maimaita lambar kamfanin sau 252. Wannan shi ne aibi na farko. Da sanarwar ta ratsa wasu 'yan kamfanoni, jerin ya kai 255, sai ta ci karo da aibi na biyu a wasu sigogin IOS, waɗanda ke lalata irin wannan doguwar sanarwa yayin miƙa ta gaba. Ƙa'idar BGP a wancan lokaci ta ce duk rautar da ta karɓi gurɓatacciyar sanarwa ta yanke hulɗa da wadda ta aiko. Sai rautoci suka shiga yankewa suna sake haɗuwa, suna sake karɓar sanarwar, suna sake yankewa. Intanet ta yi ta tangal-tangal a ƙasashe da dama na kimanin awa guda. Dabarar kaucewa a nan umarni ne guda da ke iyakance tsawon jerin da rauta za ta karɓa. Umarnin yana cikin manhajar tun kafin ranar, amma da yawa ba su sa shi ba.

Makamancin wannan ya sake aukuwa a ranar 27 ga Agusta, 2010, lokacin da cibiyar RIPE NCC da ke Holan da Jami'ar Duke ta Amurka suka yi wani gwaji da sanarwa mai ɗauke da sabon bayani. Sanarwar ba ta saɓa ƙa'ida ba, amma manhajar IOS XR ta gurɓata ta kafin ta miƙa gaba, aka sami cikas na kimanin rabin awa. Irin waɗannan aukuwa ne suka sa aka sake duba ƙa'idar. A shekarar 2015 aka fitar da gyaran da ya ce a yawancin lokuta a jefar da gurɓatacciyar hanyar kaɗai, a bar hulɗar maƙwabta yadda take.

3.3.3 Cikar Jadawali (2014)

Wasu rautocin Cisco, irin su samfurin 6500 da 7600, suna adana jadawalin hanyoyi a wata ma'adana ta musamman mai saurin gaske. Bisa saitin asali, an keɓe wa tsofaffin adiresoshin intanet, waɗanda ake kira IPv4, gurbin hanya 524,288, wato 512 sau 1,024. A lokacin da aka ƙera su, wannan adadi ya zarce buƙata nesa ba kusa ba. Amma jadawalin duniya kullum ƙaruwa yake yi. A watan Mayun 2014 kamfanin ya fitar da gargaɗi cewa an kusa kaiwa iyaka, ya kuma bayyana yadda za a sake rabon ma'adanar.

A ranar 12 ga Agusta, 2014, kamfanin Verizon na Amurka ya saki ƙarin hanyoyi kimanin 15,000 na ɗan lokaci. Wannan ya tura jadawalin ya haye iyaka a wurare da yawa. Rautocin da ba a sake wa rabo ba suka koma aiki cikin nawa, wasu suka riƙa zubar da saƙonni. A tsantsar ma'ana wannan ƙarancin tanadi ne, ba kuskuren rubutu ba. Amma an kawo shi ne domin ya nuna halayyar masu na'ura: matsala sananniya, dabara a rubuce, wata uku na gargaɗi, duk da haka ranar ta riski mutane da yawa ba shiri. Dalili kuwa shi ne dabarar tana buƙatar a kashe na'ura a sake kunnawa, kuma gurbin da aka ƙara wa tsofaffin adiresoshi daga rabon sababbi, wato IPv6, ake yanko shi.

3.4 Dabarar Kaucewa Da Faci

Daga misalan da suka gabata za a ga cewa dabarar kaucewa mataki ne na wucin gadi da ke hana aibi tashi, alhali aibin yana nan kwance cikin manhaja. Ta yi kama da ratsen da direbobi ke yi ta cikin gona idan gada ta karye. Ana wucewa, amma gada tana nan a karye. Dabarun sun kasu gida huɗu:
i. kashe sashen manhajar da aibin yake ciki;
ii. tace saƙonnin da ke tayar da aibin;
iii. sa iyaka, ko sake rabon ma'adana;
iv. kashe na'ura a sake kunna ta lokaci-lokaci, musamman idan aibin na cinye ma'adana ne a hankali.

Faci kuwa shi ne sabuwar sigar manhaja da kamfani ya fitar bayan ya cire aibin daga tushe. Misalai biyu za su nuna dangantakar da ke tsakanin waɗannan abubuwa.

A ranar 16 ga Oktoba, 2023, Cisco ya sanar da wani aibi a shafin sarrafawa na manhajar IOS XE, wanda ke ba baƙo damar buɗe wa kansa asusu mai cikakken iko ba tare da kalmar sirri ba. An ba shi maki 10, ƙololuwar ma'auni. A ranar babu faci, kuma an riga an fara kai hari. Shawarar da aka bayar ita ce a kashe shafin gaba ɗaya, ko a hana isa gare shi daga waje. Cikin 'yan kwanaki masu bincike suka ƙirga na'urori sama da 40,000 da aka riga aka shiga. Faci ya fara fita a ranar 22 ga watan. A wannan mako guda, dabarar kaucewa ita kaɗai ce garkuwa.

Misali na biyu ya nuna akasin haka. A watan Afrilun 2018 aka gano aibi a RouterOS, a sashen da ake kira Winbox, wanda ke ba mai kutse damar kwashe sunaye da kalmomin sirrin masu sarrafa na'ura. MikroTik ya fitar da faci cikin gaggawa a watan. Duk da haka, zuwa watan Agusta an sami rautoci sama da 200,000, da farko akasari a Burazil, waɗanda aka shiga aka sa su cusa wa masu amfani da su manhajar haƙar kuɗin intanet. Ba a tsaya nan ba. A shekarar 2021 aka gano wata rundunar na'urorin da aka kame, aka sa mata suna Meris, wato annoba da harshen Latbiya, wadda aka yi amfani da ita aka kai manyan hare-hare. Kamfanin ya bayyana cewa na'urorin da aka shiga tun 2018 ne. Wanda ya yi faci bai sauya kalmar sirri ba, ya gyara ƙofa ne ya bar ɓarawo da makulli. Wannan misali ya fi kusa da gida, domin irin waɗannan rautoci masu sauƙin kuɗi su ne ƙananan masu sayar da intanet da otal-otal da makarantu suka fi saye a ƙasashe masu tasowa.

3.5 Dalilan Jinkirin Gyara

Ana iya tambaya, me ke hana mai na'ura yin faci da zarar ya fito? Dalili na farko shi ne sabunta babbar manhaja yakan buƙaci a dakatar da na'ura, ita kuwa babbar rauta dubban mutane ne ke rataye da ita. Shi ya sa ake keɓe wa aikin tsakar dare. Na biyu, sabuwar siga takan zo da nata sababbin aibobin, don haka injiniya mai hankali ba ya ɗora ta sai ya gwada. Na uku, wasu kamfanoni ba sa ba da sabuwar siga sai ga mai yarjejeniyar kulawa da ake biya. Na huɗu, na'urar da ta tsufa kamfani yakan daina fitar mata da faci baki ɗaya. Na biyar, wanda ya fi kowanne haɗari, shi ne mantuwa. Idan dabarar kaucewa ta yi aiki, hankali yakan kwanta. Wanda ya sa ta ya bar aiki, wani ya zo ya ga umarnin da bai san dalilinsa ba ya goge, aibi ya farka.

Saboda haka ƙwararru suna bin wasu matakai: riƙe rajistar kowace na'ura da sigar da ke kanta, bibiyar sanarwar kamfani, rubuta dalilin kowace dabara da ranar da za a cire ta, gwada faci a na'urar gwaji, adana kwafin tsohon saiti domin komawa in an sami matsala, da sauya kalmomin sirri bayan duk aibin da ya shafi tsaro.

3.6 Keɓaɓɓun Kalmomin Darasi

An bi hanyoyi uku wajen samar da kalmomin wannan darasi. Ta farko ita ce aro tare da hausantarwa. Kalmar rauta ta shigo ta sami jinsin mace saboda ta ƙare da wasalin a, ta kuma ɗauki jam'i irin na mota da motoci, aka sami rautoci. Ta biyu ita ce faɗaɗa ma'ana. Manhaja a da tsarin karatu take nufi. Faci tsohuwar kalmar aro ce da aka sani wajen gyaran taya, yanzu ta ɗauki gyaran manhaja. Haka ma aibi da ƙunshi da matata da kutse. Ta uku ita ce harɗantawa, kamar babbar manhaja da jadawalin hanyoyi da dabarar kaucewa.

Akwai abin lura game da kalmar aibi. A Ingilishi, kalmar da ake amfani da ita ma'anarta ta asali ƙwaro ce. Fassara ta kai tsaye za ta sa mai karatu ya zaci wani abu ne ya shigo daga waje, har ya rikita ta da cutar kwamfuta. Aibi kuwa yana nuna lahanin da ke jikin abu tun daga ƙira. Wannan ya nuna cewa mai fassarar kalmomin fannu ma'ana yake bi, ba lafazi ba.

4.0 Kammalawa

An ga cewa rauta kwamfuta ce mai babbar manhaja, kuma babu manhajar da ta kuɓuta daga aibi. An ga yadda kuskuren lamba guda a Jamhuriyar Cek ya haɗu da aibobi biyu ya girgiza sadarwar ƙasashe, da yadda gargaɗin wata uku bai hana cikas ɗin 2014 ba, da yadda facin 2018 bai amfani waɗanda ba su ɗora shi ba. Dabarar kaucewa tana da muhimmanci, domin wani lokaci ita kaɗai ake da ita. Amma kowace dabara tana da abin da take ragewa, kuma amfaninta shi ne ta ba da lokacin da za a shirya gyara. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da aka sani aka rufe da tabarma tana nan a matsayin tsaga har ranar da aka yaɓe ta.

5.0 Auna Fahimta

1. Bayyana aikin rauta ta amfani da wani misali daga rayuwar yau da kullum wanda ba a kawo a darasin ba.
2. Mene ne bambancin aibin manhaja da kuskuren saiti? A wane rukuni aukuwar 2009 ta faɗa? Kafa hujja.
3. Raba 47868 da 256, sannan ka bayyana dangantakar ragowar da abin da ya faru.
4. Kawo dalilai uku da ke sa a yi jinkirin faci, ka nuna wanda ya fi haɗari a ganinka.
5. Tsamo kalmomi shida daga darasin, ka rarraba su zuwa aro da faɗaɗa ma'ana da harɗantawa.

6.0 Jinga

Rubuta sanarwa da ba ta wuce kalma 150 ba zuwa ga shugaban wata makaranta, kana bayyana masa cewa an gano aibi a rautar ɗakin kwamfuta. Nuna dabarar da za a bi a yau, da abin da makarantar za ta rasa saboda ita, da ranar da ya kamata a yi faci.